Littafin Kallon Sama: Tsakanin Zara da Gamzaki

Litinin, 14 ga Oktoba, 2024

Na zo ƙauyenmu da ke gabas da Ringim don a auna geron da aka girbe mini. Bayan sallar magariba muna zaune a ƙofar gida sai yara suka kaure da ihu suna nuna yamma. Tauraruwa mai wutsiya ce, wutsiyar a miƙe sama kamar hayaƙin da iska ba ta taɓa ba. Sunanta Tsuchinshan-ATLAS, a 2023 aka gano ta daga ƙasar Sin da Afirka ta Kudu, kuma shekaranjiya ne ta fi kusantar duniya.

Kawu ya dube ta ya ce, "Tauraruwa mai wutsiya, ganinki ba alheri ba." Can ya ƙara da cewa faɗar mutanen da ce, iko na Allah ne. Sai ya nuna wata mai tsananin haske a hagunta ya ce ga Zara can. Na tambaye shi sauran, ya yi ta kiran sunaye, wasu ma ya ce ba su fito ba tukuna, sai dare ya yi nisa. Shekarata 41, na yi makaranta har na koyar, amma da an ce in nuna tauraro ɗaya in kira sunansa ban da Zara, da na yi shiru. Abin ya tsaya mini a rai.

Na ɗaura niyyar shekara guda ina kallon sama da idona kawai. Babu madubin hange, babu duba waya a lokacin kallo. Abin da na gani in rubuta shi a nan, in ina da tambaya in kai wa Kawu ko Malam Liman, karatu kuma ya biyo baya.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Daren farko na gaske. Jiya wata ya mutu, saboda haka duhu ya samu. Ni da Kawu da ɗan ƙanina muka shimfiɗa tabarma a masussuka, bayan gari, inda ko fitilar sola ɗaya ba a hangowa.

Abu na farko da na koya shi ne ido yana son lokaci. Da muka zauna, taurari 'yan kaɗan nake gani. Kawu ya ce, "Bar haska tocilan, ɗan nan, ido bai gama buɗewa ba." Bayan kamar minti 20 zuwa 30 sai sama ta cika maƙil, har wani farin hazo-hazo ya bayyana ya ratsa ta daga wannan gefe zuwa wancan. Sau ɗaya na kunna waya don duba lokaci, nan take rabinsu suka ɓace, sai da na sake jira.

Wajen ƙarfe bakwai Kaza da 'ya'yanta ta leƙo daga gabas, amma sai wajen tara ta ɗaga sosai aka iya ƙirga ta. Ni shida na samu. Ɗan ƙanina ya rantse takwas yake gani, kuma na yarda da shi, idon yaro daban ne. Kawu ya koya mini wata dabara: kada in zuba mata ido kai tsaye, in ɗan kauda kallona gefe. Da na yi haka sai ƙananan suka fito. Daga baya na karanta dalilin, wato gefen ido ya fi tsakiyarsa kama haske mai rauni. Kawu bai taɓa karanta wannan ba, wajen neman dabbar da ta ɓace da dare ya gano shi.

Ƙarfe tara da kwata wasu uku suka fito a jere, a tsaye, ɗaya saman ɗaya. Kawu ya ce zomo ne a gaba, kare na binsa, mai kare na biye da su, kuma tun da aka halicci duniya ba a kama zomon ba. Kafin su, wani babban tauraro fari ya riga ya fito a ƙasan Kaza. Na lura shi ba ya ƙyaftawa kamar sauran, haskensa a tsaye yake. Kawu ya ce wannan baƙo ne a wurin, ba kullum yake nan ba.

Ma'aunin da zan riƙa amfani da shi: in miƙa hannu sosai in dunƙule. Dunƙule ɗaya kusan digiri 10 ne, daga doron ƙasa zuwa tsakiyar ka dunƙule tara. Na gwada da tauraron arewa, wanda ba ya motsi, na same shi dunƙule ɗaya da ɗan ɗori a saman ƙasa. Ringim tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, ka ga lissafin ya hau. Na daɗe ina juya wannan a raina, cewa mutum zai iya sanin inda yake tsaye a bayan ƙasa da dunƙulen hannunsa.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

A Kano abin da wuya. Daga saman soronmu, in akwai wuta, manyan taurari kaɗai ke tsira. Ranar da aka ɗauke wuta kafin masu janareto su tayar, nakan sami 'yan mintoci masu kyau.

Duk da haka na yi gwaji ɗaya da birni bai hana ba. Na sa tankin ruwan maƙwabcinmu ya zama alama. Ranar 9 ga wata, zomo ya hau saman tankin da ƙarfe 9:47. Yau ya hau da 8:48. Kwana 15, awa ɗaya ba minti ɗaya. Ke nan kullum taurari na rigan jiya fitowa da kusan minti huɗu, awa biyu a wata, a shekara su zagayo inda suka fara. Shi ya sa kowane yanayi yake da taurarinsa.

Asabar, 14 ga Disamba

Hunturu ya kama, hazo ya sauko. Ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta cinye duk abin da ke ƙasa da dunƙule biyu. Tauraron arewa kwana tara ban gan shi ba.

Daren jiya aka ce za a yi ruwan taurari masu gudu, waɗanda ke zuwa kowace shekara a tsakiyar Disamba idan duniya ta ratsa ta cikin ɓurɓushin wani dutse mai suna Phaethon. Wata saura kaɗan ya cika, ga hazo, ga sanyi. Na lulluɓa da bargo daga biyu zuwa uku na dare, na ƙirga tara. Biyu daga ciki sun ja dogon layi.

Baƙon da Kawu ya faɗa kuwa Mushtari ne. Duniya ce mai zagaya rana kamar tamu, shi ya sa haskensa bai ƙyaftawa, kuma shi ya sa yake sauya mazauni. A makon jiya ya yi daidai da bayan duniyarmu daga rana, yana fitowa da magariba ya faɗi da asuba.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Na kai wa Malam Liman gaisuwa da goro, muka zauna a zaure tun la'asar. Ya ce masaukan wata 28 ne, kamar yadda aka ambaci manazil a cikin Suratu Yasin. Kowane dare wata na sauka a ɗaya. Rana kuma takan yi kwana 13 a kowanne, ban da Jabha mai kwana 14, in ka haɗa ka sami 365. An raba su bakwai-bakwai: bazara, damina, kaka, ɗari. Ya jero na damina ba tare da ya numfasa ba: Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha, Harsan. Tun ina yaro nake jin tsofaffi na cewa "an shiga Nasara" ko "Ɗarfa ta kama", ban taɓa kawowa a raina cewa abubuwa ne da ake iya nunawa da yatsa ba.

Bayan isha'i ya fito da ni waje. Kaza ita ce Surayya. Jan tauraron da ke bin ta shi ne Dabaran. Wasu 'yan ƙanana uku a cure, arewa da zomo da kare, su ne Haƙa'a. Tagwaye biyu masu haske da ke tasowa daga gabas su ne Zira'a.

Na ce, "Allah gafarta Malam, to ga su a sama yanzu cikin sanyi, yaya aka yi suka zama taurarin damina?"

Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, tauraron da ake ciki ai shi ne wanda ba ka gani. Yana tare da rana a lokacin. In ma za ka gan shi, sai da asuba, in ya fara kuɓucewa daga haskenta." Wannan amsa ta warware mini ƙullin da na yi wata biyu ina fama da shi. Abin da nake gani tsakiyar ka da tsakar dare yau, shi ne rana za ta zauna a cikinsa bayan wata shida.

Abin da ya dame ni shi ne, a duk ƙauyen, masu iya nuna waɗannan da hannu ba su wuce mutum uku ba, kuma ƙaraminsu ya haura saba'in.

Asabar, 18 ga Janairu

Na bi wata dare-dare don in gwada maganar Malam. Ranar 9 yana jikin Kaza. Ranar 10 ya matsa saitin Dabaran da Mushtari. Ranar 13, da ya cika, ya isa Zira'a, inda Mirrihu, wata duniyar mai zagaya rana, ke zaune jajir. Kullum dunƙule ɗaya da ɗan ɗori zuwa gabas, ba fashi.

Yau da magariba Zara da Zuhal, shi ma duniya ce irin Mushtari, sun matso juna, tsakaninsu bai fi kaurin yatsa ɗaya da rabi ba. Zuhal kusa da ita kamar fitilar ƙwai kusa da fitilar mota. Duniyoyi huɗu a sama lokaci guda: biyu a yamma, Mushtari a sama, Mirrihu a gabas. Na ja layi da hannu daga na farko zuwa na ƙarshe, sai na ga hanya ɗaya ce, ita ce kuma wadda rana da wata ke bi.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Hazo ya ɗan yi sauƙi. In ka bi layin zomo da kare da mai kare zuwa kudu maso gabas, za ka faɗa kan tauraron da ya fi kowane tauraro haske, Shi'ira, wanda aka ambata da suna a Suratun Najmi. Haskensa yakan yi shekara takwas da rabi kafin ya iso mu. Can kudu da shi, dunƙule biyu da rabi daga ƙasa, ga Suhailu.

Amma hankalina yana kan Zara. A wannan watan haskenta ya kai maƙura, ina ganinta tun kafin a kira magariba. Sai dai tana sauka. Wajen 10 ga Janairu kusan dunƙule biyar take daga rana. Yau uku da rabi.

Asabar, 1 ga Maris (1 ga Ramadan)

Jiya na duba yamma har idona ya yi ruwa, ban ga jinjirin wata ba. Da dare Sarkin Musulmi ya sanar an gani, muka tashi da azumi. Yau kuwa ga shi siriri, kwance kamar ƙwarya, Zara a samansa. Mahaifiyata ta fito da kofin kunu a hannu ta ce, "Zara matar wata, an haɗu." Zara dunƙule uku take daga rana.

Juma'a, 14 ga Maris

Bayan sallar asuba na hau soro. Ƙarfe shida da 'yan mintoci inuwar duniya ta fara cin wata daga sama. Ya riga ya yi ƙasa sosai, gari na wayewa, kafin a ci rabinsa ya nutse cikin ƙura. Mutanen Amurka ne suka ga cikakken husufin.

Zara ranar 10 ga wata dunƙule biyu. Yanzu saurin saukarta ya fi na da nesa ba kusa ba.

Talata, 18 ga Maris

Shekaranjiya na gan ta, dunƙule ɗaya, cikin jan sararin magariba, ina riƙe da dabino ban kai baki ba. Jiya ban gan ta ba. Yau ma haka. Wata biyar ke nan kullum tana nan, har na saba in na idar da sallah in waiga wurinta. Na ji ba daɗi, kamar maƙwabci ya tashi ba sallama.

Na karanta cewa ranar 23 ga wata za ta ratsa tsakaninmu da rana, sannan ta ɓullo ta gabas da asuba. In haka ne, Zara ita ce Gamzaki. Malamai suna kiranta Zuhura. Ina so in gani da idona kafin in faɗa wa kowa.

Talata, 1 ga Afrilu

An yi sallah ranar Lahadi, na zo gida yawon sallah. Yau muna fitowa daga masallaci da asuba, Kawu ya tsaya ya nuna gabas da sandarsa. "Ka ga Gamzaki ya dawo. An daɗe ba a gan shi ba."

Gabana ya faɗi don murna. Haske iri ɗaya, fari tas, ba ƙyaftawa. Na ce, "Kawu, wannan fa ita ce Zara. Ta zagayo ne ta gaban rana."

Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, Zara mace ce, Gamzaki namiji. Ita ta magariba, shi na asuba."

Na ce ko ya taɓa ganinsu su biyu a rana ɗaya, ita da yamma shi da safe? Ya yi shiru har muka kai ƙofar gida, sannan ya ce ya taɓa, bara ma da damina ya ga babban tauraro a gabas da asuba alhali Zara ta fara fitowa da magariba. Ban yi gardama ba, domin gaskiya ya faɗa. A watan Agustan bara Mushtari yana gabas kafin alfijir. Kuskuren ba na idonsa ba ne, suna ne ɗaya ake ba duk babban tauraron da ya riga rana fitowa.

Muka yi yarjejeniya. Shi zai riƙa duba yamma kowace magariba, ni in riƙa bin Gamzaki. In Zara ta fito alhali wannan na nan, na faɗi.

Asabar, 26 ga Afrilu

Jiya da asuba tsohon wata siriri ya tsaya kusa da Gamzaki, Zuhal na gefe. Na ce wa Kawu ga mijin ya biyo matarsa har gabas. Ya yi dariya ya ce wata ai ba ya da gida ɗaya.

Daren yau zafi ya kori kowa waje. Wajen goma da rabi na ga abin da na daɗe ina jira. A arewa ga taurari bakwai masu siffar ludayi, Banatu Na'ashi, biyun bakin ludayin na nuna tauraron arewa. Na juya kudu, ga wasu huɗu a gicciye, dunƙule ɗaya da rabi zuwa biyu daga ƙasa, da wasu manya biyu a hagunsu. Na ƙarshen, Alfa Sentauri, haskensa shekara huɗu da 'yan watanni kawai yake yi a hanya, duk cikin taurarin da ido ke gani babu wanda ya fi shi kusa da mu. Mutumin Ingila ba ya ganin waɗannan na kudu ko kaɗan. Mu da muke kusa da tsakiyar duniya an ba mu duka biyun.

Kaza ta yi ƙasa a yamma, saura kaɗan rana ta haɗiye ta.

Alhamis, 15 ga Mayu

Kawu ya sa an kira ni a waya, wai ga wani mai haske a yamma. Kafin in ba da amsa sai ya karɓi wayar da kansa ya ce, "Bar shi, na sake dubawa. Baƙon nan ne na kusa da Kaza. Haskensa bai kai na Zara ba."

Asabar, 26 ga Yuli

Wata biyu ban rubuta komai ba, hadari ya hana. Amma daren da aka yi ruwa da la'asar sannan gari ya washe, babu kamarsa a duk shekara. Ruwa ya wanke ƙura, taurari har doron ƙasa. Kunama ta miƙe a kudu da jan tauraro a ƙirjinta, shi ne Ƙalbu a lissafin Malam, ƙarin wutsiyarta kuma Shaula. Farin hazon nan da na gani a Nuwamba, a nan ya fi kauri, har da baƙaƙen tsagogi a cikinsa. Taurari ne da ba sa ƙirguwa, nisa ya narkar da su suka zama kamar gari da aka watsa. Sauro ya cije ni son ransa, ban tashi ba sai sha biyu.

Da asuba Kaza ta dawo gabas, Dabaran na bin ta, zomo da kare sun fara leƙowa. Gero ya kai ƙugu.

Talata, 12 ga Agusta

Na kwana a ƙauye musamman don wannan. Ƙarfe biyar, ta wata kafa a cikin gajimare, Gamzaki da Mushtari suka bayyana manne da juna, ɗan yatsa ɗaya ya rufe su duka. Na taso Kawu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, ga na bara, ga na bana. Na bana ya fi." Ya ƙara da cewa tun azumi bai ga Zara ba, kuma bai fasa dubawa ba ko sau ɗaya in dai babu hadari.

Lahadi, 7 ga Satumba

Husufin wata, cikin watan Mauludi. An ce zai fito ne a rufe, daga wajen shida da rabi har kusan takwas saura. Gabas duk gajimare, muka yi sallar husufi ba mu gan shi ba. Muna fitowa, wajen bakwai da rabi, gajimaren ya tsage. Ga shi ja, launin tukunyar da aka fitar daga wuta, taurari kewaye da shi kamar ba daren sha huɗu ba. Mahaifiyata ta ce wata ya yi zazzaɓi. Na gaya wa yara cewa duniya ce ta shiga tsakaninsa da rana, jan kuma hasken rana ne da ya lanƙwaso ta cikin iskar duniya, irin jan da muke gani a faɗuwar rana. Kafin tara ya warke sarai.

Gamzaki ya fara sauka shi ma, yanzu dunƙule uku ne daga rana. Zagayen nasa kwana 584 ne. A farkon Janairu zai wuce ta bayan rana, kuma in lissafi ya yi daidai, Zara za ta fito a yamma wajen azumi mai zuwa. Na faɗa wa Kawu haka muna tafiya gida. Ya ce shi bai ce na yi gaskiya ba tukuna, sai ya ga Gamzaki ya ɓace, ya ga ta dawo. "In Allah ya kai mu, ka zo ka sha ruwa a nan, mu duba tare."